Neman Kabarin Yayana a Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A makaranta, a bakin tasha, har a masallaci bayan an yi sallama, sai wani ya matso ya ce, "Malam Sule, yaya Faransa? Me ka sayo mana?" Faransa muke ce wa hayin iyaka, namu gefen kuwa Ingilishi. In na ce ban sayo komai ba a yi dariya, a ce rowar ma'aikacin gwamnati ce. To ga labarin na rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Ba yawo na je ba, ba kuma fasa-ƙwauri ba kamar yadda wasu suke raɗe-raɗi. Kabari na je nema.

Bana da aka yi mana ƙarin albashin nan, kowa ya san abin da ya faru a Jibiya. Wanda bai sayi babur ba ya sayi rediyo mai kaset, wanda bai yi haka ba ya rufe ɗakinsa da kwano. Ni agogon hannu kawai na saya, sauran na biya wa Inna kujerar Makka. Inna mahaifiyata ce, ni ne autanta, kuma tun rasuwar babanmu tana wurina. Da aka tabbatar da sunanta sai ta shiga yawon bankwana da neman gafara, yadda maniyyata suke yi. Ta je Mazanya inda aka haife ta, ta je Farfaru wurin ƙannenta, har matar da suka yi faɗa kan kaza tun ina goye sai da ta je ta durƙusa mata. Aka aiko cewa maniyyatan yankinmu su hallara a Katsina ranar Juma'a da sassafe, daga can a kwashe su zuwa Kano su hau jirgi.

Ranar Lahadi, ana tsakiyar cin kasuwa, ina ɗaure mata akwati, ta ce, "Auta, saura mutum guda."

Na ce wa kuma ya rage, bayan an gama da mai kaza?

Ta ce, "Wancan na Maraɗi."

Kafin Inna ta auri babanmu ta yi aure a Maraɗi, gidan wani baduku ana ce masa Mamman. Ta haifi ɗa namiji, ɗanta na fari. Ana yaye shi auren ya mutu, dangin uban suka riƙe yaro, ita ta dawo gida. A can ya girma, a can ya rasu, wajen shekara bakwai ke nan, kuma sai da aka yi watanni kafin wani falke ya kawo mana labari. Ban taɓa ganinsa ba. A gidanmu ba a zancensa, don Inna mai tsananin kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da.

Na ce mata addu'a ai ko'ina aka yi ta tana isa, balle ga Arfa a gabanta. Na ce kwana huɗu ya rage, ga iyaka, ga jandarmomi, ga shi ba mu san kowa ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Addu'a daban, roƙon gahwara daban. In ban tsaya gaban kushewarshi ba, ba ni shiga jirgin nan. Ka ba wani kujerar." Wanda ya san Inna ya san ba barazana take yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na je na roƙi hedimasta hutun kwana uku.

Litinin da hantsi muka shiga wata a-kori-kura a tasha. Direban ya rantse yanzu za a tashi. Yanzun tasa ta kai sa'a biyu, don sai da ya loda bandir ɗin kwanon rufi, da garewanin kananzir, da kwanukan sha ɗaure cikin buhu, sannan ya dube mu ya ce a matsa a ba kaya wuri. Duk abin da kuɗin mai ya kawo ƙasarmu, rabinsa ta wannan hanya yake bi ya haura. Kusa da Inna aka zaunar da wata 'yar kasuwa, Hajiya Rabi, mai sayen atamfa a Jibiya ta kai Maraɗi. Ƙatuwar mace ce mai haƙorin Makka, kuma ba ta yin dariya sai ta tabbata an gan shi. Da ta ji Inna maniyyaciya ce sai ta buɗe makaranta nan take: yadda ake ɗaure ɗamarar kujerar jirgi, da yadda ake hana kunne toshewa da goro, da irin ture-turen da ake yi wurin jifa. Inna tana ta cewa to, to, amma na ga hankalinta ba ya wurin.

A shingenmu na wannan gefe ba mu daɗe ba, don mai duba motar ɗansa yana ajina. Muna wucewa direba ya shiga ba mu labarin zamanin da ake sauya hannu a nan, in ka fito daga Ingilishi kana bin hagu, ka shiga Faransa ka koma dama, da yadda wani abokinsa ya manta ya yi karo da jaki. Bai rufe baki ba tayarmu ta baya ta yi faci. Aka sauke mu, aka sauke kwanon rufi, aka gano jak ɗin ba ya ɗagawa sai an tallafa masa da dutse. Na duba agogo har Hajiya Rabi ta ce, "Malam, in ka cika dubanshi ƙarewa zai yi."

Wannan facin shi ya cuce mu. Mun isa Ɗan Isa rana ta take tsaka, muka tarar an saukar da sandar shinge, ofis a rufe. Ashe mutanen can suna da wata al'ada da suka gada wurin Faransawa: da rana ta yi tsaka kowane ma'aikaci ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai bayan azahar sosai a dawo. Mu nan ma'aikaci in zai gudu daga ofis yakan bar hularsa a kan tebur don a ce yana kusa. Su kuwa da izinin hukuma suke barcinsu. Muka zauna a gindin wata bedi, motoci suka yi layi a bayanmu, ba wanda ya damu sai ni. Na sayi wani burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi, Inna kuwa sai da ta jiƙa nata a ruwa.

Da aka buɗe, wani jandarma siriri ya ce kowa ya fito da takardarsa. Fasfon Inna na baro shi a gida cikin akwati, na kulle, don tsoron kada ya ɓata jirgi ya tafi. Jandarman ya dubi tsagen fuskarta, ya ce, "Inna, ke wace ta?" Ta faɗi garinsu da sunan kakanta. Ya ce, "Ai takardarki tana bisa huskarki. Wuce, ki sa mu addu'a." Ni kuwa da na ga an zo kaina sai na gyara tsayuwa, na miƙa katin aikina, na soma bayani da Turanci don a san ba da ƙaramin mutum ake magana ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Mushe, ba ka jin Hausa na?" Mushe shi ne malamin makaranta a bakinsu. Ya sa ni na koma gefe, sai da ya sallami kowa har da mai kaji, sannan ya tambaye ni da Hausa, na amsa da Hausa, ya ce in tafi. Har muka shiga Maraɗi ana yi mini dariya a motar nan.

Mun isa bayan la'asar. Garin ya ba ni mamaki, tituna miƙaƙƙu masu faɗi, kowanne ya ratsa ɗan'uwansa kamar an ja da zare, ba irin lungunanmu ba. Inna ta yi ta waige-waige, ta ce, "Wanga ba shi ne garin da na sani ba." Hajiya Rabi ta ce gaskiyarta, garin da ta sani yana can ƙasa cikin fadama, gulbi ya cinye shi wata shekara da aka yi ruwa mai yawa, aka taso da mutane nan bisa tudu. Inna ta ji labarin tun tuni, amma ji daban gani daban. Hajiya ta hana mu neman masauki, ta kai mu gidanta, ta ba Inna ɗakinta, ni aka shimfiɗa mini a zaure tare da dilolin atamfa. Ta cika mu da tuwon gero miyar kuka, da fura mai nono fiye da gari. Alherin matar nan ya fi surutunta yawa, Allah ya saka mata.

Talata muka gangara tsohon gari. Babu gari. Lambuna ne na albasa da taba da rogo, sai tudun ƙasa nan da can inda katangu suka narke. Inna ta yi ta tafiya a gabana da sauri, abin da ban san tana iyawa ba, har ta tsaya a gindin wata tsamiya ta ce nan ne ƙofar gidan. Wani mai lambu ya ɗago daga ban ruwa ya ce Mamman baduku ya daɗe da rasuwa, iyalinsa sun watse, wasu Damagaram wasu Kano, mu je rumfar dukawa a kasuwa.

A rumfar dukawa muka sami tsofaffi biyu suna ɗinkin layu da kube, warin jima ya cika wurin. Sun san Mamman sarai. Suka ce 'ya'yansa maza da yawa, uwaye daban-daban, kuma uku sun rasu: Dogo, da Baƙo, da Ɗan Tsoho. Duk sunayen rana ne da yaran suka samu bayan Inna ta bar garin, ba ta san ko ɗaya ba. Na ce wanne ne ɗan Bakatsiniya, wadda ta koma Ingilishi? Ɗaya ya ce Dogo ne, ba shakka. Ɗayan ya ajiye basilla ya ce ƙarya ne, uwar Dogo Bagobira ce, shi ya ci tuwon sunan. Suka kaure da gardama, suka koma kan wata fatar akuya da ta shiga tsakaninsu tun zamanin Faransawa, suka manta da mu. Sai da aka kira azahar sannan suka haɗu a kan magana ɗaya: mu je wurin Baba Jatau mai kula da kusheyi, shi ba ya mantuwa. Muka je, aka ce ya tafi ƙauye gaisuwar mutuwa, sai gobe. Yini guda ya tafi a banza. Na lissafa: in ba mu kama motocin la'asar na Laraba ba, shinge zai rufe, mu kwana, kuma Alhamis ce kaɗai ta rage mu kintsa mu isa Katsina.

Laraba tun da sanyin safiya muna bakin maƙabarta. Tana gefen gari, fili ne mai faɗi, ba katanga, sai shingen aguwa da ya zagaye shi. Mata ba sa shiga, can ma kamar nan, don haka Inna ta zauna a waje a gindin wata aduwa, Hajiya Rabi ta zauna tare da ita. Na shiga na tarar ana jana'iza, Baba Jatau yana cikin rami yana jera itace. Da aka watse ya fito, ya wanke hannu, ya zauna, ya hura gawayi ya ɗora ɗan ƙaramin tulun shayi irin na Buzaye. Tsoho ne gajere, baƙi, ƙafafunsa duk faso. Na faɗa masa abin da ya kawo mu a tsaye. Ya nuna mini tabarma. Shayin nan zagaye uku ne, kuma ba a tashi a na biyu. Na sha na farko mai ɗaci ina jin kamar in yi kuka.

"Ɗiyan Mamman baduku," in ji shi, bayan kofi na uku. "Suna nan. Taho in gwada maka gari, in ba ka san unguwanni ba ba ka gane gida."

Na ce ina laifin mu tafi kai tsaye? Ya ce ba a tafiya kai tsaye a nan. Da na duba sai na ga dalili. Kaburbura ne iyakar ganinka, duk iri ɗaya, tudun ƙasa da fasasshiyar tukunya ko guntun icce, wasu ma ruwa ya shafe su. Ba rubutu, ba lamba. Yadda Baba Jatau yake aikinsa shi ne, kowane talaka yana da babban maƙwabci. Ya riƙe manyan kaburbura a ka, daga nan yake ƙirga sauran, layi kaza gabas, mutum kaza kudu.

Ya fara da kabarin farko. Ya ce da gulbi ya ci tsohon gari ya haɗa da tsohuwar maƙabarta, har kakanninsa. Mutane suna cikin bukkoki bisa tudu, ba a ko gama rabon filaye ba, sai wani Buzu mai raƙuma da ya sauka cin kasuwa ya kwanta ciwo ya mutu. Ba wanda ya san sunansa. Uban Baba Jatau ya ɗauki gatari da sungumi ya zo nan ya yi masa gida, shi yana saurayi yana kwashe ƙasa. "Baƙo ya buɗe muna wurin," in ji shi. "Shi ya sa ba a hana kowa kwanciya nan." An kewaye kabarin da duwatsu, kuma har yau Buzaye in sun shigo gari sukan zo su ƙara ɗaya.

Daga nan sai kabarin wani malami, wanda ya rame ya zama kwari saboda masu ɗibar ƙasarsa don tabarruki. Baba Jatau ya ce duk kaka sai ya ciko ƙasa daga wani wuri ya mayar, "su kuma su zo su kwashe tawa, su ce ta Malam ta." Sai na wani ɗan kokawa da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, wanda ƙaya ta soke shi a gona ƙafar ta kumbura ta kashe shi. Kabarinsa ya fi kowanne tsawo, kuma 'yan kokawa sukan zo su tsuguna a kansa kafin babban wasa. Sai na wani tsohon soja da ya yi wa Faransawa yaƙi a ƙasashen da ko sunansu Baba Jatau bai iya faɗa ba, an kifa masa kwanon cin abincinsa na soja a wajen kai. Sai na wata dillaliya da ta haƙa rijiya uku a sabon gari, mata ba su iya zuwa, amma sukan aiko a zuba mata ruwa. Akwai kuma guda ɗaya tak na siminti, na wani attajirin gyaɗa, da rubutun Faransanci. Simintin ya tsage, gara ta yi gini a ciki. Baba Jatau bai tsaya a nan ba, ya dai nuna da haɓa.

A wani lokaci da na ji daɗin labaran nan, don tarihin garin gaba ɗaya yana kwance a filin nan, kuma a kan tsoho ɗaya yake. Amma rana tana ta hawa, ni kuwa ina ta satar duban hannuna. Muka iso wani yanki da kaburbura suka matsu da juna, layi-layi. Muryarsa ta sauka. Ya ce nan shekarar sanƙarau ce, da suke gina tun asuba har duhu, hannuwansu suka fashe.

"To," in ji shi. "Ɗiyan Mamman. Guda yana bayan ɗan kokawa, layi na huɗu. Biyu suna nan cikin na sanƙarau, ɗaya gabas ɗaya yamma, wata guda tsakaninsu. Wane kake biɗa?"

Na ce ko Dogo, ko Baƙo, ko Ɗan Tsoho.

Ya ce, "Ni ban san waɗanga ba. Sunan rana a kasuwa yake tsayawa. Nan da sunan yanka ake kawo mutum, shi liman ke hwaɗi, shi nike riƙewa. Mi ne sunan yayanka?"

Wallahi sai a lokacin na gane ban sani ba. Shekara ashirin da shida ina duniya, na ƙetare iyaka, na kwana biyu ina neman mutum, ban san sunansa ba, kuma ban taɓa lura ba. Wancan na Maraɗi, shi ke nan abin da na taɓa ji. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Na fita da gudu-gudu wurin Inna. Na ce ana son suna. Ta sunkuyar da kai ta ce a gaya masa yana da tabon ƙuna a ƙafar hagu, ya taka murhu yana rarrafe. Na koma na faɗa. Baba Jatau ya ce, "Ni ban ganin ƙahwa, ɗana. Cikin likkahwani suke zo min." Na sake fita. Ta ce an haife shi shekarar fara, da kaka. Na sake komawa. Ya ce shi ranar tafiya ya sani, ba ranar zuwa ba. Na yi sawu biyu tsakanin tsofaffin nan biyu, gumi ya jiƙa mini riga, aka fara kiran azahar a cikin gari.

A nan na yi abin da har yanzu nake jin nauyinsa. Na matsa kusa da shi na rage murya, na ce, "Baba, ka nuna kowanne daga ciki. Daga waje take, ba za ta gane ba. Duk 'yan gida ɗaya ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Shekara talatin ban taɓa gwada ma mai rai kushewar da ba tashi ba. Ba da ni za ka cuci tsohuwarka ba." Sannan ya sassauta, ya ce akwai hanya mai sauƙi. Shi zai zo bakin shinge ya faɗi sunayen uku ɗaya bayan ɗaya, in ya zo kan nasa ita dai ta yi gyaran murya. Ba sai ta furta ba. Ya ce ya sha yi wa uwaye haka.

Na ji kamar an sauke mini kaya. Na je na gaya wa Inna, Hajiya Rabi ta ce madalla, wannan dabara ta yi. Inna tana ta murza bakin mayafinta. Da ta yi magana ba ni take kallo ba.

"Ya taɓa zuwa Jibiya," in ji ta. "Kana ƙarami. Ran kasuwa, ina saida daddawa. Saurayi ya zo ya durƙusa gabana, ya ce shi ne, ya zo gaishe ni. Tun daga nan ya taho, a ƙasa. Mutane na kallo. Na kau da kai, na ce ma ta kusa da ni ta ba baƙo ruwa. Ya sha, ya daɗe durƙushe, ya tashi ya tahi. Bai sake zuwa ba." Ta share fuska da tafin hannu. "Aka yi ta yabona, wai na cika mai kunya. Abin da na zo roƙo a kai ke nan, Auta. In yau ma na ɓoye bayan bakin wani, mi na zo yi?"

Ta dafa aduwar ta miƙe. Ta taka har jikin shingen aguwa, inda mace take iyakacinta, ta tsaya. Baba Jatau yana can ciki, nesa kaɗan, ya harɗe hannu a baya. Na ga leɓenta yana motsi ba sauti, sau biyu. Sannan ta ɗaga murya, irin yadda uwa take kiran yaro ya shigo gida magariba ta yi.

"Yunusa!"

Hajiya Rabi ta kama baki. Baba Jatau ya juya ya nufi yamma cikin layukan sanƙarau, yana ƙirgawa da yatsa, ya tsaya a kan wani ɗan tudu da rabin tukunya a kifa. Ya yafuto ni. Ya ce idonta ba zai kai nan ba, in tsaya a wajen kan, in ɗaga hannu, ta san inda za ta fuskanta.

Na tsaya na ɗaga hannu. Daga can na hango ta, 'yar ƙarama a bayan shinge, ta juyo sosai ta fuskance ni, ta durƙusa a ƙasa gwiwa biyu. Ta yi magana mai tsawo wadda iska ba ta kawo mini ba. Hannuna ya gaji, ban sauke ba. Daga ƙarshe ta ɗaga murya, na ji ta sarai.

"Ka yahe min. Yunusa, ka yahe ma uwarka."

Ta karkata kai tana saurare. Ba abin da ke motsi a filin nan sai wasu awaki can gefe. Ta ci gaba da durƙuso, ta ƙi tashi.

Baba Jatau ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya ce a hankali, "Wanda ke ƙasa ba ya amsawa, kuma tsohuwar ga ba ta tashi sai ta ji murya. Nono guda kunka sha. Amsa mata."

Na ce ni wa, da zan amsa a madadin mutumin da ban taɓa gani ba, wanda ɗazu-ɗazu na nemi a musanya kabarinsa don in kama mota? Ya ce, "Ba shi da wani ɗan'uwa nan da ya hi ka kusa."

Na juya na fuskance ta. Muryar da ta fito ba irin tawa ba ce.

"Na yafe, Inna."

Ta kifa goshinta a kan hannuwanta, ta daɗe a haka. Sannan Hajiya Rabi ta kama ta, ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta. Ni ne na kasa tafiya. Na tsuguna a wajen kan yayana ina kuka kamar yaro, Baba Jatau yana tsaye yana jirana, bai ce in yi sauri ba.